DOAJ: rariyar da nake tace mujallu da ita kafin a tura maƙala

Duk malamin jami'ar da ya taɓa buga maƙala ko da guda ɗaya, a Marwa yake ko Garwa ko Ngaundere, ya san irin saƙonnin da ke cika masa akwatin imel. A kira ka farfesa alhali kana matakin farko, a ce an karanta aikinka an yaba, a roƙe ka ka turo wata maƙalar, za ta fito cikin mako ɗaya ko biyu. Kai aikinka a kan ƙasar noma yake, amma mujallar da ke gayyatarka tana buga likitanci da shari'a da injiniyanci duk a fitowa guda. Tsofaffin hannu sun san wannan, share saƙon kawai suke yi. Waɗanda abin ke ci su ne ƙannenmu, masu digiri na uku da sababbin malamai, waɗanda dosiyensu na ƙarin girma ke jiran cikon maƙalu kafin ya tafi gaban CCIU a Yawunde, kwamitin da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a a Kamaru, ko gaban CAMES, hukumar da ke yin wannan aiki ga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ga 'yan'uwanmu na Chadi. Saboda su nake wannan rubutu a kan DOAJ, wani kundi na intanet da na daɗe ina aiki da shi. Hukuncina tun daga farko shi ne: kada ka tura maƙala wata mujallar da ake karantawa kyauta ba ka duba sunanta a ciki ba. Amma kada ka ɗauka dubawar ta gama maka aiki.

Ni malamin kimiyyar ƙasar noma ne a nan Marwa, yawancin aikina a kan ƙasar karal yake, wadda ake dasa masakwa a kanta bayan damina. Ba ni da wata alaƙa da masu wannan kundi, ban taɓa biyansu ko sisi ba, su ma ba su san da ni ba.

An buɗe DOAJ a shekarar 2003 a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, da mujallu kusan 300. Yau sun haura 20,000. Abin da yake tarawa shi ne mujallun bincike waɗanda kowa zai iya karanta dukkan maƙalunsu ba tare da biya ba, kuma waɗanda masana ke bitar maƙala kafin a buga ta. Mai nema ba ya biya, mujallar da ke son shiga ita ma ba ta biya. Ɗakunan karatu na jami'o'i da wasu mawallafa ne ke ɗaukar nauyinsa da gudummawa. Ba a buƙatar rajista ko kalmar sirri. Shafin ba shi da nauyi, yana buɗewa a waya ko da layin ya yi rauni, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki da datar da ya saya da kuɗin aljihunsa.

Abin da ya sa na yarda da shi ba yawan mujallun ba ne, tarihinsa ne. A watan Oktoba na 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya a kan wani sinadari da aka ce yana hana ƙwayoyin cutar daji girma, ya cika ta da kurakuran da duk mai bita na gaskiya zai gani, ya tura wa mujallu 304. Mujallu 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. A cikin mawallafan da ke jerin DOAJ na wancan lokaci waɗanda suka kai ƙarshen bita, kashi 45 cikin ɗari sun karɓi ƙaryar. Akwai wani ɓangare na gwajin da har yau yake yi mini ciwo. Sunayen marubutan bogin da ya yi amfani da su sunaye ne da aka ƙaga masu kama da na Afirka, cibiyoyin binciken kuma aka ce suna manyan biranen Afirka. Don Ingilishin ya yi kama da na wanda ba harshensa ba ne, sai ya juya rubutun zuwa Faransanci da na'urar fassara ta Google, ya sake dawo da shi Ingilishi. Wato siffarmu aka ara, mu masu bincike a Afirka da muka yi karatu da Faransanci muke fama da rubutun Ingilishi. Gwajin ya tona asirin 'yan damfara, wannan gaskiya ne, amma ya kuma nuna irin kallon da ake yi wa takardar da ta fito daga wajenmu.

DOAJ bai musanta ba. A 2014 ya fito da sababbin sharuɗɗa masu tsauri, ya ce duk mujallar da ke ciki sai ta sake neman shiga daga farko. A watan Mayu na 2016 aka cire kusan 3,300 da ba su sake nema ba. Hukumar da za ta iya zubar da wannan adadi daga jerinta a lokaci guda, alhali yawan suna shi ne abin da ake tinƙaho da shi, ta cancanci a saurare ta. Har yanzu kuma suna ajiye jerin mujallun da aka shigar da waɗanda aka cire a fili, da dalilin cirewar a taƙaice, kowa zai iya dubawa.

Yadda nake aiki da shi ba wuya. Ka rubuta sunan mujallar, ko mafi kyau lambarta ta ISSN, wato lambar shaidar da ake ba kowace mujalla, a wurin nema. Idan tana ciki, za ka ga mawallafinta da ƙasar da take, harsunan da take karɓar maƙala da su, ko ana biyan kuɗin bugawa da nawa ne, ko akwai rangwame, irin lasisin da ake sakin maƙala da shi, ko haƙƙin mallaka yana zama a hannun marubuci, irin bitar da ake yi, ko ana binciken satar rubutu, da kimanin makonnin da ake ɗauka daga turawa zuwa bugawa. Wannan na ƙarshe shi nake fara nuna wa ɗalibai. Mai bita na gaskiya malami ne irinmu, yana da aji, yana da jarrabawar da zai duba, kyauta kuma yake yin bitar. Kafin edita ya samo mutum biyu irin wannan, su karanta, su rubuto, marubuci ya gyara, a sake dubawa, ba aikin kwana biyar ba ne. Duk wanda ya yi maka alkawarin kwana biyar, ya gaya maka da bakinsa cewa ba wanda zai karanta aikinka.

Wani ƙanena a wurin aiki, yaro mai ƙwazo wanda ya yi damina biyu yana auna danshin ƙasa a gonakin masakwa, ya zo ofishina da murna da takardar karɓa a hannu. Mujallar ba zan ambaci sunanta ba. Ya riga ya tura kuɗin, maƙalar ma ta riga ta hau shafinsu. Muka buɗe tare. Jadawalinsa na biyu an buga shi sau biyu, na uku babu shi. Ba wanda ya yi masa tambaya ko ɗaya a kan yadda ya ɗebi samfurin ƙasar.

Ya ce, “Malam, ai suna da ISSN, na gani a shafinsu.”

Na ce, “Ƙanena, ISSN lamba ce ta shaidar cewa abu yana fitowa a kai a kai. Jaridar wasanni ma tana da ita. Ba ta ce an duba aikinka ba.”

Muka nemi sunan a DOAJ, babu, duk da tambarin DOAJ ɗin da suka manna a gefen shafinsu. Wannan dabara ce da ta yawaita: hoton tambari kowa na iya kwafowa ya liƙa. Ya rubuta musu yana so ya janye, suka nemi wani kuɗin. Asarar da ta fi kuɗin ciwo ita ce ta aikin kansa. Ƙa'idar bugawa ta hana a buga sakamako ɗaya sau biyu, don haka mujallar kirki ba za ta karɓi abin da ya riga ya fito a wani wuri ba. Damina biyu na rana da taɓo sun maƙale a shafin da ba mai karantawa. Tun daga lokacin, duk ɗalibin da ke ƙarƙashina sai mun zauna mun duba mujalla tare kafin ya danna turawa.

Inda DOAJ ya fi yi mini amfani shi ne wurin zaɓen mujallun da ba sa karɓar kuɗi. Akwai wani ɗan akwati a gefen shafin nema, an rubuta “Without fees”, da ka danna shi sai ya bar maka waɗanda marubuci ba ya biyan komai. Mutane da yawa a nan sun ɗauka cewa duk mujallar da ake karantawa kyauta marubuci ne ke biya, kuma wannan tunani ne ke kai su hannun 'yan damfara, don suna ganin gara mai arha. Alhali fiye da rabin mujallun DOAJ ba sa karɓar ko sisi, jami'o'i da ƙungiyoyin masana ne ke riƙe da su. Yi lissafi da kanka. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka. Mujallar da ke neman yuro 1,500, wanda a wurin manyan mawallafan Turai ba tsada ba ce, ta nemi kusan sefa miliyan ɗaya ke nan. Wane sabon malami ne zai fitar da wannan a kan maƙala guda, ga haya, ga makarantar yara, ga 'yan'uwa a ƙauye? Idan ka haɗa wannan akwati da zaɓen fanni da na harshe, sai ka ga mujallun noma da ke karɓar Faransanci kuma ba sa neman kuɗi. Ba su da yawa kamar na Ingilishi, amma akwai su, wasu ma tsofaffi ne masu mutunci.

Yanzu ga inda hannunsa bai kai ba, kuma wannan ya fi abin da ya gabata muhimmanci ga mai niyyar dogara da shi.

Rashin suna a DOAJ ba shaidar damfara ba ce. Mujallun da ake biya kafin a karanta ba sa shiga ko da sun fi kowa inganci, don ba irinsu aka yi kundin dominsu ba. Sannan mujallun Afirka da yawa na gaskiya, masu editoci na gaskiya, ba sa ciki. Wata ba ta taɓa nema ba, wata shafinta ya mutu saboda ba a biya kuɗin ajiya ba, wata fitowarta ta tsaya shekara guda don edita ya tafi karatu. Saboda haka idan mujallar ta nahiyarmu ce, ina haɗawa da AJOL, kundin mujallun Afirka da aka fara a 1998, wanda tun 2005 yake Afirka ta Kudu, yana kuma ɗauke da ɗaruruwan mujallu. Ina jin haushi idan na ji abokin aiki ya yanke wa mujallar Bamako ko ta Zariya hukunci don kawai bai gan ta a wani jerin Turai ba. Mun ga illar wannan a zamanin jerin Jeffrey Beall, ma'aikacin ɗakin karatu na Jami'ar Colorado a Amurka, wanda ya riƙa tara sunayen mawallafan da yake zargi har ya rufe jerin a watan Janairu na 2017. Ya yi aiki mai amfani, ya farkar da mutane, amma mutum ɗaya ne yake yanke hukunci, kuma an soke shi da tsananta wa mawallafan ƙasashe masu tasowa. A 2015 har ya kwatanta SciELO, babban kundin mujallun Latin Amurka, da unguwar marasa galihu. Abin da na fi so game da DOAJ shi ne bai kira kowa ɓarawo ba. Ya ce ga sharuɗɗa, wanda ya cika ya shigo, wanda bai cika ba ya gyara ya dawo.

Samun suna a ciki ma ba wankewa ba ce. DOAJ mujalla yake dubawa, tsarinta da abin da ta bayyana a shafinta, ba ya karanta maƙala ɗaya bayan ɗaya. Labarin Hindawi ya isa misali. Kamfani ne da aka kafa a Alƙahira a 1997, Wiley, babban kamfanin wallafa na Amurka, ya saye shi a 2021 a kan dala miliyan 298. A lokacin mujallunsa da yawa suna cikin DOAJ, suna kuma cikin manyan kundayen da jami'o'i ke biyan maƙudan kuɗi su shiga. Sai masu ƙera maƙalun ƙarya, waɗanda ke sayar da gurbin sunan marubuci a kansu, suka kutsa ta fitowa ta musamman, wadda ake damƙa wa editan baƙo. A 2023 kaɗai an janye maƙalu fiye da 8,000 daga mujallun Hindawi, a shekarar da jimillar maƙalun da aka janye a duniya ta haura 10,000. Wiley ya daina amfani da sunan gaba ɗaya. Daga baya DOAJ ya ƙara sharuɗɗa a kan fitowa ta musamman, amma ɓarnar ta riga ta auku a ƙarƙashin idon kowa. Don haka bayan na ga mujalla a ciki, sai na buɗe fitowarta biyu na ƙarshe na karanta maƙala uku ko huɗu a fannina. Idan wanda ya san karal ya karanta maƙala a kan ƙasa, ba ya buƙatar wani kundi ya gaya masa ko an yi bita. Nakan kuma leƙa ma'ajiyar Retraction Watch, mai tara jerin maƙalun da aka janye, wadda tun watan Satumba na 2023 Crossref, ƙungiyar da ke yi wa maƙalu rajista, ya karɓa ya buɗe wa kowa kyauta, in ga ko an janye maƙalu da yawa daga mujallar da kuma dalili. Janyewa ɗaya ko biyu da bayani a fili alama ce ta edita mai gaskiya, ba abin gudu ba ne.

Akwai kuma masu satar mujalla sukutum. Su kwafi suna da ISSN na mujallar gaskiya, su buɗe shafi mai kama da nata, su riƙa karɓar kuɗi. Ka nemi sunan a DOAJ ka same shi, hankalinka ya kwanta, alhali shafin da ka tura wa ba nata ba ne. Maganin wannan mai sauƙi ne: ka bi mahaɗin da ke cikin DOAJ zuwa shafin mujallar, kada ka bi wanda aka turo maka ta imel ko WhatsApp.

Shafin da Ingilishi yake. Ga ɗaliban da suka taso da Faransanci wannan shinge ne, ko da yake kalmomin da ake buƙata ba su da yawa, zama ɗaya ya isa a koya musu.

Amfanin da ban zata ba shi ne wanda ya yi mana a gida. Muna da wata 'yar mujalla da mu da wasu abokai muke fitarwa, ni ma ina cikin kwamitin editocinta. Muka ce bari mu nemi shiga, na sauko da sharuɗɗan na karanta wa kwamiti. Ana so mujalla ta buga maƙalun bincike aƙalla biyar a shekara. Sabuwa kuma sai ta yi fiye da shekara tana fitowa, ko ta buga aƙalla maƙalu goma. Sunayen editoci da wuraren aikinsu su kasance a fili. A bayyana yadda ake bita, da masu bita biyu masu zaman kansu ga kowace maƙala a fannoni irin namu. A faɗi kuɗin bugawa ƙarara, ko a faɗi cewa babu. A faɗi lasisi. Waɗannan duka sun samo asali daga ƙa'idojin gaskiya a harkar bugawa da DOAJ ya fitar a 2013 tare da COPE, kwamitin ɗa'ar bugawa da aka kafa a Ingila a 1997, da wasu ƙungiyoyi biyu. Har nan kowa yana gyaɗa kai. Da na iso kan sharaɗin da ya ce maƙalun da editoci ko 'yan kwamiti ke cikin marubutansu kada su wuce kashi 25 cikin ɗari na fitowa, sai ɗakin ya yi shiru.

Babbanmu, dattijon da ya koyar da yawancinmu, ya ce, “To, Dakta, in mu ba mu buga a tamu ba, wa zai buga?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, shi ya sa ba wanda ke turo mana daga waje. Suna ganin ta 'yan gida ce.”

Tambayarsa ba ta son kai ba ce. Mutum ne da ya riƙe mujallar da kuɗin aljihunsa a shekarun da ba mai kula ta. Masana ƙasar noma a arewacin Kamaru ba mu da yawa, kowa ya san kowa, wanda zai yi maka bita yau kai ne za ka zauna a kwamitin ɗalibinsa gobe. A irin wannan hali kunya tana hana mutum ya rubuta wa babba cewa lissafinsa bai yi daidai ba. Sharaɗin DOAJ ya ba mu abin da za mu jingina da shi ba tare da an ci fuskar kowa ba. Ba ni na ce ba, ƙa'ida ce ta ce. Na ga darajar wannan ƙwarai, don gyaran da aka shekara ana jin nauyin furtawa ya wuce a zama ɗaya.

Ba kuma abin da ya fi ƙarfinmu ba ne. Ƙasar da ta fi kowace yawan mujallu a DOAJ ba Amurka ba ce ba Ingila ba, Indunusiya ce, yawancinsu kuma na jami'o'i ne, suna aiki da OJS, manhajar tafiyar da mujalla da wasu jami'o'in Kanada suka samar ake kuma saukewa kyauta. Mu ma ita muka ɗora. Muka rubuta wa abokai a Njamena da Yamai da Maiduguri su shigo cikin masu bita, don su ma suna da irin ƙasarmu da irin dawarmu, ba kuma sa jin nauyin kowa a nan. Muka yanke cewa duk maƙalar ɗan kwamiti wani edita ne zai riƙe ta, mai ita ba zai san wanda ya yi bita ba. Muka rubuta a shafi abin da za mu yi idan aka kama satar rubutu ko aka gano kuskure bayan bugawa, muna bin matakan COPE.

Ba mu tura takardar neman shiga ba tukuna. Wanda aka ƙi sai ya jira wata shida kafin ya sake nema, kuma fitowa biyu na ƙarshe ake dubawa wajen lissafin kashi 25 ɗin. Ta farko a sabon tsari ta fita, maƙalar ɗan kwamiti ɗaya ce a ciki. Ta biyun tana hannun masu bita, muna sa ran fitowarta bayan girbin masakwa, daga nan za mu nema.